Ga uwar da ta gaji: yadda za ki kama aikin ziyara a Zumuntar Mata

Uwa mai ƙananan yara tana iya yin shekara guda tana zuwa sujada ba ta ji wa'azi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ana fara karanta nassi na goye zai tashi da kuka, ta fita bayan majami'a ta ba shi nono, ta dawo ta tarar yayansa ya kwarara ruwa a kan benci, kafin ta gyara zama an kai ga baiko. Ta koma gida a gajiye, ga kuma wani abu yana cin ta a rai, wai ko bangaskiyarta ce ta yi sanyi. Ni mai ɗinki ce a Tudun Wada ta nan Jos, 'ya'yana huɗu, kuma na san wannan hali ciki da bai. Hutu dai ban samu ba. Abin da ya ɗaga ni shi ne aikin ziyara a Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ekklesiya, kuma shi nake so in nuna miki yadda ake kama shi, 'yar'uwa, ba tare da ya zame miki ƙarin kaya ba.

Ki ɗauki aiki ɗaya tak

Ko a ekklesiyar ECWA kike, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, zumunta ba ta rasa aiki: koyon waƙa, sharar majami'a ranar Asabar, girkin biki da na jana'iza, fita bishara ƙauyuka, nazarin Littafi Mai Tsarki, ziyara. Da zarar an ga kina da himma za a yi ta ɗora miki, ba don mugunta ba, don hannuwan da ke aiki kullum kaɗan ne. Ki je wurin Uwar Zumunta, wato shugabar matan, da kanki, ki ce, "Mama, ina so a sa ni cikin masu ziyara, amma ita kaɗai zan iya a yanzu." Kalmar "ita kaɗai" ki faɗe ta a fili, ki kuma maimaita ta ranar da aka zo neman mai riƙe kuɗin anko.

Dalilin da ya sa na fifita ziyara a kan waƙa ga mai goyo a bayyane yake. Koyon waƙa yana da lokacinsa da ba ya motsi, galibi da yamma, daidai sa'ad da yara suka dawo da yunwa. Ziyara kuwa ke ce za ki tsayar da lokacinta, kuma jariri a baya ba ya hana ta. Sau da yawa ma shi ke buɗe hira.

Ki daidaita da maigida tun kafin ki amsa. Kada ki ce masa za ki riƙa "fita aikin Allah" haka kawai, don bai san bakinsa ba balle ƙarshensa. Ki faɗa masa rana, da ƙarfe nawa za ki fita, da ƙarfe nawa za ki dawo, da abin da za a ci a daren. Ni Alhamis na zaɓa, daga sha ɗaya zuwa ɗaya, kafin a tashi makaranta, kuma ran nan miya tun Laraba take gamuwa da wuta. Sau ɗaya a mako ya isa. Idan bai yiwu ba, sau ɗaya a mako biyu, amma ya zama ranar da aka san ki da ita.

Sannan kada ki tafi ke kaɗai. Yesu ma biyu-biyu ya aiki almajiransa, kamar yadda yake a Markus 6:7. Ki roƙa a haɗa ki da dattijuwa, wadda ta aurar da 'ya'ya, ta binne wasu, ta ga jiya ta ga yau. Bulus ya rubuta wa Titus cewa tsofaffin mata su koya wa matasa ƙaunar mazajensu da 'ya'yansu, kuma a ganina ba a kan mumbari ake wannan koyarwa ba. A hanya ake yin ta, kuna hawan tudu tana haki tana ba ki labari.

Gidan mai jego

Nan ne mafi yawan aikin yake, don haka bari in daɗe a kai.

Kada ki ƙirga zuwa barka da zuwa suna a cikin ziyara. A makon farko gida cike yake, kowa na ɗaukar jariri, ana ta dariya. Lokacin da ake bukatarki shi ne mako na uku zuwa na shida, bayan uwarta ko surukarta ta koma ƙauye, maigida ya koma aiki, baƙi sun ɗauke ƙafa, ita kuma ta rage daga ita sai jariri da tulin wanki. Ki aika mata saƙo kwana ɗaya kafin zuwanku, ki ƙara da cewa, "Kada ki dafa komai, kada ki share ko'ina."

Abin da za ki riƙe ba sai mai tsada ba. Kunun gyaɗa ko na tamba mai zafi a filas, ko gwate a kula wanda zai kai ta dare, da sabulu guda. A unguwarmu, idan rani ya yi nisa, jarkar ruwa biyu ta fi kayan jariri na kanti daraja a wurin mai jego, lokacin hunturu kuma gawayi. Ki duba abin da hannunki ya iya. Ni ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane, waɗanda masu su suka ce in zubar, su nake haɗawa in yi 'yar hula da mayafin jariri, don sanyin Jos a Disamba da Janairu ba ya wasa da sabon haihuwa. Dokas ta Yafa ma, a Ayyukan Manzanni sura 9, da ta rasu babu wanda ya ambaci wa'azinta. Riguna da tufafin da ta ɗinka gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka.

Idan kun shiga kun gaisa, "Barka da sauka, Allah ya raya," ki wanke hannu kafin ki karɓi yaro. Kada ki tambaye ta, "Me zan yi miki?" Amsar ɗaya ce a duk faɗin ƙasar nan: "Babu komai, Mama, na gode." Ki yi amfani da idonki. Ga bokitin wanki a lungu, ga kwanukan jiya a bakin ƙofa. Dattijuwa ta riƙe jariri, ke ki ɗaura zane ki fita da bokitin, ku ce mata ta je ta yi wanka a tsanake ko ta kwanta. Za ta ji kunya, za ta ce ku bari. Ki ce, "Ni ma an yi mini," ki ci gaba da abin da kike yi. Barcin rabin sa'a da ba ta kasa kunne ga kukan yaro ba, wataƙila rabonta da shi tun ranar da ta haihu.

Bayan haka ku zauna, ki tambaye ta ita kanta, don kowa jariri yake tambaya. "Ke fa, yaya jikin? Me kika ci yau? Kina samun barci?" Ki saurara, ki kuma lura. Akwai alamun da idan kin gani ba a jira gobe: jini mai yawa da ya ƙi tsayawa ko ya dawo da ƙarfi, zazzaɓi, ruwa mai wari daga gaba, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, haki ko da tana zaune, jijjiga. Ga jariri kuma: ƙin kama nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi da sauri, idanu da tafin hannu su yi rawaya, cibiya ta yi ja ko tana wari. Idan kin ga ɗaya daga cikinsu, ki kira mijinta, ki tare keke, ku yi addu'ar a hanyar asibiti. Ina da zafi a kan wannan. Na sha jin ana cewa, "Bari mu tsaya a kan addu'a tukuna." Allahn da muke roƙo shi ya ba nas da likita sani, kuma ba ya jin haushi don an kira sunansa a cikin keke.

Akwai abubuwa biyu da sai dattijuwar da kuka zo tare ce za ta iya faɗa a ji, musamman idan kakar jariri tana nan. Na farko kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Don haka idan kin ga ana ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, ga ƙafafu sun kumbura, kada ku yi shiru. Na biyu ba jariri ruwa. Ma'aikatan lafiya sun ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, amma kakanni da yawa suna ganin mugunta ce a hana yaro ruwa. Idan ke mai ƙuruciya kika faɗa, raini ne. Idan tsararta ta faɗa cikin raha, shawara ce.

Ki nemi ganin katin rigakafi. Bayan allurar haihuwa akwai ta mako 6, da 10, da 14, sai ta wata 9. Mata da yawa ba ƙi suke yi ba, mantuwa ce da rashin mai raka su. Ki rubuta ranar, ki tuna mata. Idan kuma ta raɗa miki cewa tun da ta haihu fitsari yake zubo mata ba ta iya riƙewa, ki gaya mata ba la'ana ba ce, ciwo ne da doguwar naƙuda ke jawowa, kuma ana yin aikinsa. Asibitin Jankwano a nan Jos yana da sashe na musamman domin masu yoyon fitsari.

Wani ciwon kuma ba ya nuna a jiki. Za ki tarar da mace tana kuka ba ta san dalili ba, abinci ya fita ranta, ba ta jin daɗin ɗaukar yaron da ta haifa, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. 'Yan kwanakin farko hakan yakan faru ya wuce. Idan ya haura mako biyu, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, kuma ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ne. Kada ki ce mata ta ƙirga albarkunta, ta riga ta ƙirga, shi ya sa laifin da take ɗora wa kanta ya ƙaru. Ki ce, "Ba ke kaɗai ba ce, zan raka ki mu ga likita." Idan ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai ko na sa'a ɗaya, ki sanar da mijinta da Mama Fasto a ranar.

Karatu da addu'a su zo a ƙarshe, kuma gajeru. Aya ɗaya ko biyu. Ni Ishaya 40:11 nake yawan buɗewa, inda aka ce makiyayi yana rungumar 'yan raguna, yana kuma bi da masu shayarwa a hankali. Na karanta ta a ɗakunan mutane har ta zauna mini a kai, kuma gaskiya ni ta fara yi wa aiki, don na gane Ubangiji ba ya koro mai goyo da saurin da yake tafiyar da sauran garke. Ku rera baiti ɗaya a hankali, tulu da kacau-kacau a bar su sai ranar Lahadi. Duka ziyarar kada ta wuce sa'a guda.

Ƙofofin da ba a ƙwanƙwasawa

Gidan haihuwa kowa na son zuwa. Amma ki tambayi Uwar Zumunta sunayen waɗanda aka kwana biyu ba a gani ba. A ciki za ki sami wadda ta yi ɓari ba wanda ya sani sai mijinta, da wadda ta shekara goma da aure ba ta haihu ba, ta daina zuwa ranar da ake miƙa yara don ta gaji da murmushin dole, da gwauruwar da aka cika gidanta makon rasuwa, bayan wata uku ko sallama babu.

A irin waɗannan gidaje bakinki ne abin tsoro. Kada ki ce, "Allah zai ba ki wani," kamar wanda ya tafi kwano ne da ya fashe. Kada ki ce ta binciki kanta ko akwai zunubi. Kada ki kawo labarin wata da ta haifi tagwaye bayan shekara ashirin, ta ji irinsa har ta ƙoshi. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata. Ki gaishe ta, ki zauna, ki taya ta tsinke ganye ko gyaran wake. Idan ta ambaci sunan wanda ta rasa, ke ma ki ambace shi. Idan kina zuwa gidan wadda ta yi ɓari ko take jiran haihuwa, ran nan ki bar jaririnki wurin maƙwabciya in da hali.

Abu mafi amfani da na koya a nan daga wata mama na koye shi. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, aka kuma mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi, mata da yawa daga Borno da Adamawa sun gudo Jos da abin da ke jikinsu kawai. Muka riƙa kai musu masara da zannuwa. Wata daga wajen Michika, wadda ta rasa mijinta, ta karɓa sau da yawa tana godiya, ran nan sai ta ce, "'Yata, hatsin ya isa haka. Idan za ku gidan wani ku zo ku tafi da ni." Muka fara tafiya da ita. A gidan makoki ba ta yin dogon zance, takan kama hannun matar ta ce, "Na sani," kuma ita idan ta faɗa ana yarda. A kan idonmu fuskarta ta dawo. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 1:4 ana ta'azantar da mu domin mu ta'azantar da wasu da irin ta'aziyyar da muka samu. Tun daga lokacin, idan na ziyarci gwauruwa sau uku ko huɗu, sai in gayyace ta ta raka ni wani gidan.

Baki da kuɗi

Abin da kika gani a ɗakin mutum a can zai tsaya. Gulma a cikin ekklesiya ba ta zuwa da sunanta, da sunan roƙon addu'a take zuwa: "Mu sa 'yar'uwa wance a addu'a, don na je gidanta na ga abin da ba zan iya faɗa ba." Kafin a ce amin an gama da ita. Ki tambayi mai abin, "Kin yarda in faɗa a taro? Me zan faɗa, me zan bari?" Idan ta ce a'a, shi ke nan, har mijinki ba zai ji ba. Inda kawai ake karya wannan shi ne idan rai na cikin haɗari, kamar duka ko maganar kashe kai, kuma a nan ma wurin Mama Fasto ko Baba Fasto za ki kai, ba dandalin WhatsApp na zumunta ba. Hoto ma kada ki ɗauka kina miƙa wa mutum mudun shinkafa.

Kuɗi kuwa, kada ki taɓa na cefane ko na makarantar yara don ki fita kunya. Idan bukata ta fi ƙarfinki, ki kai wa shugabanni a cire daga asusun zumunta, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Ikilisiyar farko ma a kan rabon abincin gwauraye aka fara gunaguni, a Ayyukan Manzanni sura 6, har sai da aka naɗa mutum bakwai su kula da shi. Kada ki ba da bashi a wurin ziyara. Wadda kike bi bashi ba za ta ƙara sakin jiki ta gaya miki damuwarta ba.

Abin da ke dawo miki

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a hanyar dawowa daga ziyara na fi ganin gaskiyar haka. Kina tafe da dattijuwa, sai ki ji bakinki ya buɗe: ɗanki na shekara bakwai har yanzu yana fitsarin kwance, babbar ta fara mayar miki da magana, kin kwana biyu ba ki iya addu'a ba sai barci ya ɗauke ki. Sai ta yi dariya ta ce nata ɗan da kike gani yana jagorar waƙa ranar Lahadi ya fi haka, ta gaya miki yadda ta yi da shi. A zaman taro na mutum hamsin ba za ki taɓa yin wannan tambaya ba.

Addu'arki ma za ta sami abin kamawa. Maimakon "Ubangiji ka taimake ni" da kike ta juyawa, yanzu kina da sunaye, kina kan keken ɗinki ko kina wanke-wanke kina ambatonsu, kuma za ki ga amsa da idonki: wadda ba ta iya tashi ba ta shigo sujada da goyonta. Yara kuma suna kallo. Ƙaramar 'yata idan ta ga na cika filas takan tambaya, "Mama, gidan wa yau?" Wani lokaci nakan bar ta ta riƙe sabulun.

Ki yarda kuma a ziyarce ki. Wannan ya fi wuya ga masu hidima. Ranar da naki ya kwanta, ko ke kika haihu, idan sun ce suna zuwa kada ki tashi ki share ɗaki, kada ki ɓoye wankin a ƙarƙashin gado. Ki bar su su ɗauki bokitin.

Akwai kuma lokacin da ya kamata ki dakata: ciki ya tsufa, yaro na jinya, ko kin lura kina dawowa gida kina huce gajiyar a kan yara. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa su zo waje ɗaya su ɗan huta, a Markus 6:31, don ko sukunin cin abinci ba su samu ba. Kada ki ɓace haka kawai a yi ta nemanki. Ki je ki ce, "Mama, zan tsaya sai bayan Ista," ko duk lokacin da kika ga za ki iya dawowa. Sannan ki miƙa wa wadda za ta karɓe ki ɗan littafin ziyararki. Nawa littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, abin da ke ciki suna ne, da kwatancen gida, da ranar zuwa na ƙarshe, da ranar rigakafi mai zuwa. Sirrin kowa ba ya shiga cikinsa. Idan akwai wadda ba za a bari mako ya wuce ba a leƙa ta ba, ki raka sabuwar har ƙofar gidan ki gabatar da ita da bakinki kafin ki tafi hutun.